Yadda Ake Haɗa Famfon Mai Biyu a Injin Jirgin Sama Haɗin Gida

Ƙaramin jirgi mai fukafukai a ƙasa, irin su RV na kamfanin Van's da ke jihar Oregon ta Amurka, tankunan mansa a cikin fukafukan suke, injin kuwa yana gaba, sama da su. Mai ba ya hawa tudu da kansa, sai an samu abin da zai tura shi. Ranar da abin nan ya tsaya, injin zai yi shiru nan da nan, ko da tankunan cike suke maƙil. Dalilin ke nan da ya sa masu haɗa jiragensu da hannunsu suke sa famfo biyu. A Amurka da Kanada da Ingila wannan aiki ya daɗe da zama sana'ar sha'awa mai dokokinta, kuma jiragen RV kaɗai fiye da 10,000 sun tashi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu ɗungurungum: jirgin Air Beetle da sojojin saman Nijeriya suka yi koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi daga ƙirar RV-6A.

A shekarar 2012 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a kan jiragen haɗin gida. Ta ga mutuwar inji tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da su, musamman a tashin farko, har ta ba da shawarar a riƙa gwada hanyar mai sosai kafin a bar jirgi ya tashi. Abin da ke damuna a wannan batu shi ne mutum ya sayi famfo biyu masu tsada, ya ɗaura, hankalinsa ya kwanta, alhali su biyun fis ɗaya suke ci, ko filta ɗaya suke zuƙa. Wannan rijiya biyu ce da igiyar guga ɗaya. Duk matakan da ke tafe a kan abu guda suke: kowane famfo ya iya ciyar da injin shi kaɗai, kuma abin da zai kashe ɗaya kada ya taɓa ɗayan.

Mataki na farko: san abin da injinka ke so

Kada ka sayi komai sai ka buɗe littafin injinka ka ga matsin man da yake buƙata, don bambancin yana da yawa. Injin Lycoming O-360 mai kafireto yana aiki tsakanin psi 0.5 da 8 (psi ma'aunin matsi ne), kuma wajen 3 ake so. Rotax 912 mai kafireto biyu ya fi shi tsantseni, ƙasan iyakarsa psi 2.2 ne, samanta kuma bai kai na Lycoming ba. Lycoming mai injekta irin ta RSA, wadda ba kwamfuta ke sarrafa ta ba, yana son daga psi 14 zuwa 45, a aikace kuma za ka gan shi tsakanin 20 da 30. Injinan da kwamfuta ke sarrafa injektocinsu, kamar Rotax 912 iS da ya fito a 2012, suna aiki a wajen psi 43. In ka sa wa kafireto famfon injekta, matsin zai danne allurar da ke tsayar da mai, kafireton ya yi ambaliya, injin ya shaƙe. In ka yi akasin haka, injin ba zai ko tashi ba.

Daga nan sai ka gane wane gida kake. Gida na farko shi ne injin da ke da famfonsa na jiki, wanda juyawar injin ke motsawa, sai ka ƙara masa na lantarki a matsayin mataimaki. Yawancin Lycoming da Rotax 912 nan suke. Wannan tsari yana da wata alfarma ta asali: ɗaya da ƙarfe yake aiki, ɗaya da wuta, don haka da wuya cuta ɗaya ta kwantar da su tare. Gida na biyu shi ne injin da ba shi da famfon jiki ko kaɗan, famfo biyun duka na lantarki ne. Rotax 914 da 912 iS, da injinan UL Power na Beljiyam, da injinan mota irin Subaru da Honda da aka mayar na jirgi, da Lycoming da aka sa wa injekta mai kwamfuta, duk nan suke. Mai wannan gida aikinsa ya ninka, don rayuwar injinsa ta rataya ga batir da waya.

Mataki na biyu: a jere ko kafaɗa da kafaɗa

A jere na nufin mai ya bi ta famfo na farko sannan ya shiga na biyu. Haka ake yi wa Lycoming: mai ya fito daga tanki, ya bi ta bawul ɗin zaɓen tanki, ya ratsa filta, ya shiga famfon lantarki, ya tsallaka katangar ƙarfen da ta raba inji da mazaunin matuƙi, sannan ya isa famfon jiki. Tambayar da za ka yi wa kowane famfo a jere ita ce: in ya mutu, mai zai iya wucewa ta cikinsa? Ƙananan famfunan Facet da ake sa wa masu kafireto, wasunsu suna barin mai ya wuce ko a kashe suke, wasu kuma an yi su da bawul mai rufe hanya. A ido kusan kamarsu ɗaya, lambar da ke jiki ce ta raba su, saboda haka ka duba lambar. Famfo mai babban matsi kuwa galibi ba ya barin mai ya ratsa shi cikin sauƙi, sai an yi masa hanyar kewaye da bawul mai hanya ɗaya. Haka Rotax ya tsara wa 914, famfo biyu a jere, kowanne da kewayensa.

Kafaɗa da kafaɗa kuwa bututun mai ne yake rabuwa biyu, kowane reshe da famfonsa, su sake haɗuwa a gaba. Yawancin masu injekta mai kwamfuta haka suke yi. Sharaɗinsa ɗaya ne kuma ba sassauci: bawul mai hanya ɗaya a bakin fitar kowane famfo. In babu shi, famfon da ke aiki zai tura mai ta cikin wanda ke kashe ya koma baya, man ya riƙa zagaye a wuri ɗaya, injin na jin yunwa. Famfuna da yawa suna zuwa da irin wannan bawul a cikinsu, amma kada ka ɗauka haka nan, ka gwada. Ka kuma lura da kibiyar da ke jikin bawul ɗin. Juya shi baibai kuskure ne mai sauƙin yi a lungun da hannu ba ya shiga sosai.

Wanne ya fi? In kamfanin injinka ya zana tsari, bi nasa, ka bar dabararka. In kai ne mai zane, ni na fi natsuwa da kafaɗa da kafaɗa ga famfo biyu na lantarki, don tarkacen da famfo ɗaya zai zubar in ya farfashe ba zai bi ta cikin ɗan'uwansa ba.

Mataki na uku: wurin zama, da yaƙi da zafi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Famfon mai gwanin turawa ne, amma raggo ne wajen zuƙa. Duk lokacin da yake zuƙa, matsin da ke cikin bututun shiga yana faɗuwa, kuma mai yana saurin tafasa in matsi ya faɗi. Ƙara masa zafi, ƙara masa tsayin sararin sama inda iska ba ta da nauyi, sai man ya koma kumfa a cikin bututu. Famfo ba ya tura kumfa. Za ka ji kukansa ya canza, ya koma wani siririn ƙara, allurar matsi ta hau rawa. Abin tsoron shi ne in bututun shiga ɗaya ne, kunna famfo na biyu ba lallai ya cece ka ba, don shi ma kumfar zai tarar. Fetur ɗin mota ya fi man jirgi na 100LL saurin yin haka. Wanda zai tashi da fetur ɗin gidan mai a bazarar Kano ko Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma fukafukai sun sha rana a filin jirgi, shi ya fi kowa buƙatar kula da wannan.

Saboda haka sa famfunan lantarki a wuri mafi ƙasa da za ka iya samu, kusa da tanki, ta yadda mai zai gangaro musu da kansa. Ajiye su a ɓangaren sanyi na katangar inji, nesa da salansa. Bututun shiga ya zama gajere, mai faɗi, marar lanƙwasa da yawa. Ga inji mai ƙarfin doki 150 zuwa 200, bututu mai kaurin inci 3/8 shi aka saba. Duk gwiwa mai kusurwa da ka sa kafin famfo tana cin wani abu daga ƙarfinsa, don haka lanƙwasa bututun a hankali ya fi sa gwiwa. Na'urar auna gudun mai ma, mai 'yar ƙaramar huda a ciki, gara ta zauna bayan famfo, ba gabansa ba.

Filta biyu ake yi wa mai injekta. Ta gaban famfo mai manyan idanu ce, tsakanin maikron 40 da 100 (maikron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) gwargwadon abin da mai famfon ya ce, kuma mai faɗin jiki, aikinta tare tsakuwa da ɓarɓashi kawai. Ta bayan famfo ita ce mai laushi, wajen maikron 10, don kare injektoci. Kada ka sa mai laushin a gaba, da hannunka ke nan kake kiran kumfa. In wuri ya ba ka dama, ba kowane famfo filtarsa ta gaba, ko kowane tanki tasa.

Haɗe-haɗen bututu na jirgi, waɗanda ake kira AN, bakinsu digiri 37 ne, na mota da na aikin ruwa kuwa 45. Za su iya ɗauruwa da juna, amma za su yi yoyo ko su tsage daga baya. Kada ka naɗa farin tef ɗin masu aikin famfon ruwa a zaren haɗin mai, guntunsa yana tsinkewa ya shiga ciki ya maƙale a bawul. Duk tiyon da ke ɓangaren inji a sa masa rigar kare wuta, a ɗaure bakunanta. Tsakanin inji mai girgiza da jikin jirgi kuwa tiyo mai lanƙwasuwa ake sawa, ba sandararren bututu ba. Famfon jiki na Lycoming yana da wata 'yar mafita ta zubar da mai in fatar cikinsa ta yage. Ja mata siririn bututu zuwa wajen jirgi, nesa da salansa, kada ka toshe ta.

Mataki na huɗu: hanyar dawowar mai

Famfon injekta mai kwamfuta yana tura mai fiye da abin da injin ke sha nesa ba kusa ba, wasu sama da lita 100 a awa. Madaidaicin matsi ne yake riƙe abin da ake buƙata ya saki ragowar ta koma. Ina za ta koma? Tankin da aka ɗebo ta. Tankin RV-6 guda ɗaya wajen lita 72 yake ci. In kana zuƙa daga hagu kana mayarwa dama, kafin awa guda hagu ya ƙafe, dama kuma ya cika yana tsiyaya ta mashaƙar iska. Maganin shi ne bawul ɗin zaɓe mai hawa biyu, irin na kamfanin Andair na Ingila, wanda juyi ɗaya yake canza hanyar tafiya da ta dawowa tare. Kada ka yi rowa ka mayar da man kai tsaye bakin shigar famfo, man da ya zagayo inji ya ɗauko zafi, kuma tanki ne wurin hucewarsa.

A jirgi mai fukafukai a ƙasa kada ka yi wurin da zai buɗe tanki biyu a lokaci ɗaya. Da zarar ɗaya ya ƙare, famfo zai zaɓi iska, don ta fi sauƙin zuƙa, ya bar man da ke ɗaya tankin.

Mataki na biyar: wuta

Kowane famfo da makunninsa, da fis ɗinsa, da wayarsa, da wayar as tasa, wato baƙar wayar da wuta ke komawa ta cikinta, zuwa wurin ɗauri dabam. Wayar as ita aka fi mantawa. Za ka ga an raba komai tsaf, sai a ƙarshe an murɗe baƙaƙen wayoyin biyu a kan noti ɗaya, ranar da notin ya kwance su biyun sun tafi. Kada wayoyin su bi ta soket ɗaya. Girman fis ka ɗauko shi daga kaurin waya da abin da famfon ke ja lokacin tashi, ba lokacin da ya daidaita kawai ba. Yi amfani da wayar jirgi mai rigar Tefzel, ba ta mota ba, don in ta ƙone a rufaffen wuri hayaƙin ta mota ya fi muni.

Mai famfo biyu na lantarki sai ya ƙara da tushen wuta biyu: batir biyu, ko altaneta biyu, ko aƙalla layin da ke zuwa kai tsaye daga batir ba tare da bin babban makunni ba. Dubi yadda Rotax ya yi a 914: babban famfo daga janaretan cikin injin yake shan wuta, mataimakin kuma daga batir. Sannan ka yi lissafi. Auna abin da famfo ɗaya da kwamfuta da koyil da injektoci suke ja gaba ɗaya. A ce ka samu amfiya 12 (amfiya ma'aunin wutar da ake ja ce). In altaneta ta mutu kana son awa guda ta neman filin sauka, kana buƙatar batir da zai ba da amfiya 12 na tsawon awa cur, kuma lambar da aka rubuta a jikin batir ba ta fita duka in ana jan sa da ƙarfi haka. Ɗora masa irin wannan nauyi a ƙasa, ka riƙe agogo, ka ga gaskiyarsa. Batirin litiyam mai kwamfutar kare kai yana iya yanke wuta farat ɗaya, don haka ka san halin naka.

Wasu suna sa na'urar da ke kunna famfo na biyu da kanta in matsi ya faɗi. Tana da amfani, musamman dab da ƙasa inda babu lokacin tunani. Amma sai ta cika sharuɗɗa uku: in ta kunna ta riƙe, kada ta saki da matsi ya dawo, in ba haka ba za ta yi ta kunnawa da kashewa, ta haska fitila a gabanka don ka san famfo na farko ya tafi, kuma a samu makunnin hannu da zai tsallake ta. Makunnan su kasance inda hannunka zai kai ba tare da ka saki sandar tuƙi ko ka juya jiki ba. Agogon matsin mai kuma dole ne, da gargaɗi in ya sauka.

Mataki na shida: gwajin jarka da agogo

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce hanyar mai mai famfo ta ba da kashi 125 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakken totur, wadda kuma mai ke gangarowa da kansa ta ba da kashi 150. Lissafin ba wuya. Ana ƙiyasta rubu'in kilo na mai ga kowane doki a awa. Inji mai doki 180 zai sha kilo 45, wato wajen lita 62. Ƙara rubu'i a kai, ka samu lita 78 a awa, kusan lita 8 ke nan cikin minti 6.

Fitar da jirgin fili. Ɗaga hancinsa ya ɗan wuce kusurwar da zai yi a hawa mafi tsanani, ka tokare shi da kyau. Zuba mai kaɗan a tanki, don gwaji da cikakken tanki yaudara ce. Kwance tiyon a bakin kafireto, ka saka shi a jarkar ƙarfe a daidai tsayin kafireton, ka haɗa jarkar da jikin jirgi da waya saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa, wanda busasshiyar iska irin ta hunturu ke ƙara wa ƙarfi. Mutum ɗaya ya tsaya da tukunyar kashe gobara, ba shi da wani aiki sai wannan. Kunna famfo ɗaya, danna agogo, ka auna. Maimaita da ɗaya famfon in su biyun na lantarki ne, sannan da ɗaya tankin. In ka sa guntun tiyo mai gani-har-hanji a ƙarshen layin na lokacin gwajin kawai, za ka ga abin da agogo ba zai nuna maka ba: jerin ƙananan kumfa suna bin juna alama ce iska na shiga ta wani haɗi kafin famfo, haɗin da ba ya ɗigar da ko ɗigo ɗaya a waje. Mai injekta kuma kada ya auna a buɗaɗɗen baki, don famfo yana ba da yawa in babu abin da ya tokare shi. Ya auna a bututun dawowa, bayan madaidaicin matsi, matsin yana inda ya kamata.

Ci gaba da zuƙa har famfo ya fara shaƙar iska, ka auna man da ya rage a tanki. Wannan shi ne man da ba naka ba, cire shi daga lissafin tafiya. Bayan gwajin kwance filtoci ka zazzage su a kan farin ƙyalle. Sabon tanki ba ya rasa ɓarɓashin alminiyam mai ƙyalli da 'yan dunƙulen gam ɗin liƙe tanki. Wanke, sake zuƙa, sake dubawa, har ƙyallen ya fita fes.

Famfon jiki ba ya gwaduwa sai inji na aiki. Ɗaure jirgin, ba shi cikakken totur na ɗan lokaci kana lura da zafin inji, kashe na lantarki ka ga ko matsi ya tsaya. Kunna su biyun ka tabbatar bai haura iyaka ba. Sannan kashe injin da zafinsa, bar shi minti 10 zuwa 15 da murfinsa a rufe, ka sake tayarwa. Lokacin ne zafi ya gama ratsa bututu, lokacin ne kumfa ke bayyana. In kana da hali, kira wanda ya fi ka gogewa ya duba aikin da idonsa. Ƙungiyar masu haɗa jirage ta Amurka, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana da masu ba da shawara na sa-kai don irin wannan, takwararta LAA ta Ingila kuma tana da sufetocinta.

Mataki na bakwai: a sama

Kafin kowane tashi gwada famfunan ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan matsi. Ga Lycoming da makamantansa, mataimakin yana kunne lokacin tashi, da sauka, da canjin tanki. In ka kai tsayin da za ka kashe shi, kashe kana kallon allura, yatsanka bai bar makunnin ba, don a wannan daƙiƙar ce za ka san ko famfon jiki yana raye. Kada ka kai wannan al'ada kan kowane inji. Injektar injinan kamfanin Continental tana iya shaƙe inji da mai in aka kunna mataimaki a babban gudu alhali famfon jiki lafiyarsa lau. Littafin injinka ne alƙali.

In matsi ya faɗi kuma ka ji warin fetur, wataƙila bututu ne ya fashe, famfo na biyu kuwa ƙara wa wuta mai zai yi. In gobara ta tashi, ko saukar dole ta kama, rufe bawul ɗin mai, kashe famfunan kafin ka taɓa ƙasa. Na lantarki bai san inji ya tsaya ba, zai ci gaba da feso mai muddin yana samun wuta.

A awannin gwaji da hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ke ɗora wa sabon jirgi, galibi 25 ko 40 gwargwadon irin inji da farfela, riƙa buɗe filtoci akai-akai, don girgiza tana kakkaɓo dattin da wanki bai fitar ba. Rubuta matsin kowane famfo da amfiyar da yake ja tun yana sabo, ka riƙa kwatantawa a duban shekara-shekara. Famfon da ya fara jan wuta fiye da da, ko matsinsa ya ragu, canza shi tun bai tsaya ba. Mai famfo biyu iri ɗaya ya riƙa ba su aiki bi da bi, kada ɗaya ya shekara a zaune. Tiyon roba kuma yana tsufa ta ciki inda ido ba ya gani. Rotax ya sa wa'adin shekara 5 a canza kayan robar injinsa, kuma tiyon da ka sa da hannunka tsakanin tanki da famfo ya kamata ka rubuta masa ranar da ya shiga da ranar da zai fita.